Gidan Ƙarfe a Kan Ruwa

 

Yau Ingila za mu, can bayan gidaje da tsofaffin masana'antu, inda waɗansu hanyoyin ruwa da aka haƙa da diga da shebur shekaru fiye da 200 da suka wuce suka ratsa ƙasar, suka haɗa wannan gari da wancan. Kanal ake kiransu. A kansu akwai wani irin jirgi dogo siriri wanda dubban mutane suka mayar gida. A ciki suke kwana, a ciki suke ɗora tukunya, daga ciki yaransu ke fita makaranta da safe. Wanda ya hango su daga gaɓa, ga fenti mai kyau, ga tukwanen furanni a kan rufi, ga hayaƙi yana tashi daga bututun murhu, zai ce waɗannan sun huta. Aikin da ke ƙarƙashin wannan hutun nake so mu duba yau, don yana da yawa, kuma a ganina shi ne abin sha'awa a rayuwar tasu.

Faɗin jirgin ƙafa 6 ne da inci 10, wato mita 2 da 'yan ɗoriya. Dogon mutum in ya kwanta a gicciye ya kusa cika shi. Tsawonsa kuwa yakan kai ƙafa 70, har 72. Ɗakunan a jere suke, daga falo ka faɗa kicin, daga kicin banɗaki, daga nan ɗakin kwana, sai inji a can baya. Me ya sa aka matse shi haka?

Amsar tana cikin tarihi. A shekarar 1761 wani basarake mai suna Francis Egerton, mai riƙe da sarautar Bridgewater, ya buɗe kanal daga ramukan kwal ɗinsa na Worsley zuwa Manchester. Wanda ya yi masa aikin shi ne James Brindley, mutumin da karatunsa na takarda bai yi nisa ba, sana'arsa ta asali gyaran injinan niƙa. Ba a jima ba farashin kwal a Manchester ya faɗi da kusan rabi. Da 'yan kasuwa suka ga haka sai kowa ya ce shi ma yana so. Cikinsu akwai Josiah Wedgwood, mai masana'antar tangaran, wanda kayansa ke farfashewa a kan munanan hanyoyin wancan zamani. Shi ya tsaya tsayin daka har aka haƙa kanal ɗin da ya haɗa kogin Trent da kogin Mersey, aka gama shi a 1777, shekara 5 bayan rasuwar Brindley.

To amma ruwa ba ya hawa tudu, ƙasar kuwa tudu da gangare ce. Sai aka gina wa jirgi matakala. Kowane mataki wani dogon ɗaki ne na bulo marar rufi, da ƙofar katako gaba da baya. Jirgi ya shiga, a rufe ƙofar bayansa, a murɗa wani ƙarfe a ɗaga 'yan tagogin da ke ƙasa, ruwan da ke ɓangaren sama ya kwararo ya cika ɗakin, jirgin ya riƙa ɗagowa a hankali har ya daidaita da ruwan gaba, sannan a ture ƙofa ya wuce. In sauka zai yi, zubar da ruwan ake yi. Brindley ya yanke cewa faɗin ɗakin ƙafa 7 ya isa, don ginin ya yi sauƙin kuɗi, ramin da za a huda a cikin dutse ya yi ƙanƙanta, kuma kada a riƙa zubar da ruwa mai yawa duk lokacin da jirgi ya wuce. Tun daga nan duk jirgin da ke son ratsa tsakiyar Ingila dole ya shige wannan ma'auni. Shawarar da mutum ɗaya ya yanke a wancan ƙarni ita ce har yau ke ƙayyade faɗin gadon da mai jirgi zai kwanta a kai.

Waɗannan matakai ba ɗaya ko biyu ba ne. A Tardebigge, kan hanyar Worcester zuwa Birmingham, guda 30 ne a jere. A Caen Hill kusa da Devizes, 29. A Wales kuwa, a Pontcysyllte, gada aka gina wa ruwan kansa a 1805, jirgi yana tafiya mita 38 a saman kogin Dee.

A farkon lamari doki ne ke jan jirgin, yana tafe a wata 'yar hanya a bakin ruwa, doki ɗaya da kaya tan 25 ko fiye. In an zo ramin dutse inda babu hanyar doki, kamar na Standedge mai tsawon fiye da mil 3, sai a zagaya da dokin ta kan dutse, maza su kwanta a kan katako su riƙa tokarar bango da ƙafa har jirgin ya fita. Da jirgin ƙasa ya bayyana daga wajen 1830, kuɗin dako ya faɗi, matuƙa da yawa suka kasa biyan hayar gida da ladan yara, sai suka kwaso iyalansu zuwa cikin jirgi. Miji da mata da 'ya'ya a ɗakin da tsawonsa bai kai ƙafa 10 ba, sauran jirgin duk na kaya ne. Yaran ba makaranta, sai jan doki da buɗe ƙofofi. Wani mutum mai suna George Smith na garin Coalville ya yi ta kuka a kan halin yaran nan har majalisa ta yi doka a 1877 kan yawan mutanen da za su kwana a jirgi. Duk da wannan ƙunci, an san mutanen da tsafta da ado. Suna goge tagulla har ta riƙa ƙyalli, suna zana furanni da gidajen sarauta a jikin ƙofofi da bokitai. Har gobe masu jirage na yin wannan zane, kuma ina ganin ya dace su yi, don girmamawa ce ga talakawan da suka fara rayuwar.

Dakon kaya ya yi ta mutuwa a hankali. Gwamnati ta karɓe hanyoyin a 1948. Sanyin hunturun 1962 zuwa 1963 ya daskarar da ruwan makonni masu yawa, jirage suka maƙale cikin ƙanƙara, masu kaya suka koma ga manyan motoci, da yawansu ba su dawo ba. Wasu hanyoyin suka zama juji, aka fara maganar cike su da ƙasa. Waɗanda suka hana haka mutane ne kawai masu ƙaunar abin. Tom Rolt ya wallafa littafinsa Narrow Boat a 1944, a kan tafiyarsa da jirginsa Cressy. A 1946 shi da Robert Aickman suka kafa ƙungiyar Inland Waterways Association. 'Yan sa-kai suka riƙa shiga taɓo ranakun hutu suna yashe hanyoyin da aka yi watsi da su. Hanyar Kennet da Avon ta sake buɗewa a 1990, ta Huddersfield mai ramin Standedge a 2001. Tun 2012 wata ƙungiyar amana mai suna Canal & River Trust ce ke kula da kimanin mil 2,000 na hanyoyin ruwa a Ingila da Wales, kuma jiragen da ke da lasisinta sun haura 30,000.

Yanzu a ce mutum ya yi niyyar saye. Abu na farko da tsofaffin hannu za su gaya masa shi ne kada fenti ya ruɗe shi, ƙasan jirgin zai duba. Sai an fito da shi daga ruwa, an kira gwani ya zo da na'urar auna kaurin ƙarfe. Jirgin zamani akan ƙera shi da ƙarfe mai kaurin milimita 10 a ƙasa, 6 a gefe, 4 a rufi. Tsatsa ta fi ci a daidai layin da ruwa da iska suka haɗu, tana yin 'yan ramuka ƙanana masu zurfi. Jirgin da ƙarfensa ya sirance sai an yi masa waldar sabon faranti, aikin da zai iya cinye kuɗin da mutum ya ɗauka ya rage a ciniki. Arha ba ta ado. Bayan an saya kuma, duk shekara 2 ko 3 za a sake fito da shi, a kankare, a shafe ƙasan da baƙin fenti mai kwalta, a duba 'yan dunƙulen ƙarfen da ake liƙa masa a jiki don su riƙa narkewa a madadin jirgin.

Takardu uku ne dole: lasisi, inshora, da takardar shaidar lafiyar jirgi wadda ake sabuntawa duk shekara 4 bayan mai bincike ya duba gas da wuta da mai da iska. Tsawo ma abin tunani ne. Mai ƙafa 57 zai shiga kusan ko'ina, wanda ya fi haka akwai matakan arewacin Ingila da ba za su ɗauke shi ba.

Sai babbar tambaya: ina zai ɗaure shi? Ko ya kama wurin ɗaure na dindindin ya riƙa biyan haya, ko ya zama kullum-tafe. Dokar 1995 ta yarda mutum ya riƙe jirgi ba tare da mazauni ba, da sharaɗin kada ya wuce kwana 14 a wuri ɗaya, kuma tafiyar ta zama ta gaske, ba ya matsa nan da can ya dawo ba. Za mu komo kan wannan doka.

Mu shiga ɗakin inji, don a nan ake gane mai jirgi na gaske. Injinan mai na farko da suka maye gurbin doki, irin su Bolinder na ƙasar Suwidin, silinda ɗaya gare su, kuma sai an gasa kansu da wutar fitila ya yi zafi kafin a buga su da ƙafa su tashi. Daga baya aka sami Gardner da Russell Newbery da Lister. Wannan na ƙarshe ba baƙo ba ne a wajenmu, shi ne Lista ɗin nan da dattawanmu suka sani a injin niƙa da famfon ruwa da janareto, daga garin Dursley na Ingila. Har yau akwai masu jiragen da ba sa yarda da kowa sai shi. Yawancin jiragen yanzu dai ƙananan injinan dizal na Japan ne a cikinsu, irin su Kubota, waɗanda aka gyara don aikin ruwa.

Aiki uku injin nan yake yi. Yana tura jirgi, yana cajin baturan da ke ba da fitila da firji da famfo, kuma zafinsa ne ke ɗumama ruwan wanka. Ranar da ya ƙi tashi, mutum ya rasa mota da lantarki da ruwan zafi gaba ɗaya, watakila a tsakiyar gonaki, inda titi mafi kusa sai an yi tafiya mai nisa a ƙafa. Shi ya sa duk wanda ya daɗe a kan ruwa ya zama rabin bakanike, ko malamin makaranta ne ko ma'aikaciyar asibiti.

Ba da mil ake lissafin aikin inji ba, da awa ake yi. Yawanci duk awa 250 za a juye baƙin mai a canza filta. Kafin a tayar da shi da safe, a zaro sanda a duba mai, a duba ruwan sanyaya shi, a danna fambel da yatsa a ji ko ya saki, a leƙa ƙasan inji ko ruwa ya taru. Babu lagireto irin na mota. Wani siririn tanki aka yi wa walda a jikin jirgin ta ciki, ruwan inji ya bi ta nan, sanyin ruwan kanal da ke waje ya shanye zafin. In tankin ya yi wa injin kaɗan, a kanal ba za a gane ba, sai ranar da aka shiga kogi mai ƙarfi aka ba shi wuta, allurar zafi ta haye.

Akwai wata cuta da ke kama man dizal. Tankin ƙarfe in mai ya yi ƙasa a cikinsa, iska mai danshi ta cika sauran wurin, da dare bangon ya yi gumi, ruwan ya gangara ya kwanta ƙarƙashin mai. A inda ruwa da mai suka haɗu wasu ƙananan ƙwayoyin halitta ke hayayyafa, su zama baƙin yauƙi, ya tafi ya toshe filta, inji ya mutu ana cikin tafiya. Man tsirrai da ake haɗawa cikin dizal ɗin zamani ya ƙara wa matsalar ƙarfi don yana jan danshi. Maganin da aka saba shi ne a cika tanki kafin hunturu, a riƙa zuƙe ruwan ƙasa, kuma kada a rasa filta ta ajiya a akwatin kayan aiki.

Wurare biyu ne nake so mai sauraro ya riƙe, don ta nan jirage ke nutsewa a ruwan da sau da yawa bai kai ƙirjin mutum ba. Na farko inda sandar da ke juya farfela ta huda jikin jirgi ta fita cikin ruwa. An cusa wa wurin wata igiya mai maiƙo, an haɗa shi da bututun giris. Duk yamma bayan an tsaya, mai jirgi zai murɗa hannun bututun har ya ji ya yi tauri. Ɗigo ɗaya-ɗaya ba laifi. Amma in an manta, ɗigo ya zama tsiyaya, famfon da ke kwashe ruwan ya cinye batir ya tsaya, sai ruwa ya yi ta hawa ba mai gani.

Na biyu wata 'yar taga ce a saman farfela. Ledoji da igiya da waya da tsummoki, wani lokaci har katifa ko taya, duk suna naɗe farfela, musamman a cikin birane. Da an ji sandar tuƙi tana karkarwa, ko inji yana kuka jirgi ba ya gaba, sai a tsaya. A kashe inji, a zare makulli a sa a aljihu, don kada wani ya tayar da shi hannu yana ciki. A buɗe tagar, a tura hannu har kafaɗa cikin ruwa mai sanyin ƙanƙara, a yi ta yanka da wuƙa ana laluba. In an gama, a mayar da murfin a ɗaure shi tamau. Wanda ya bar shi sakwa-sakwa, da farfela ta juya za ta riƙa watso ruwa cikin ɗakin inji, kuma mintoci kaɗan sun isa. Ƙaramin murfi ne, amma jirage da dama ta nan suka tafi.

Batir ma da nasa ladabin. Ɗaya na tayar da inji ne kawai, ba a taɓa shi. Sauran na gida ne, kuma irin na dalma ba a son a sha su ƙasa da rabi, in ba haka ba ba za su yi ƙarko ba. Da bazara farantan sola a kan rufi sun wadatar. A watan Disamba kuwa, da rana ke faɗuwa tun kafin ƙarfe 4, dole a kunna inji don caji, ga kuma ƙa'idar lasisi da ta hana kunna inji ko janareto a tsaye daga ƙarfe 8 na dare zuwa 8 na safe, saboda maƙwabta.

Sauran rayuwar duk a kan lissafi take. Ruwan sha a tanki yake, in ya ƙare sai an tuƙa gidan gaba ɗaya zuwa bakin famfo, a jira layi. Banɗaki wani akwati ne da ake ciro shi a ɗauka a kai wurin zubarwa, ko kuma tanki da ake biya a zuƙe. Shara ma sai an kai ta inda aka tanada. Akwai tsofaffin jiragen dako da har yanzu ke zagayawa suna sayar da kwal da dizal da tukunyar gas, su matso gefen jirginka su sauke maka, ko ba ka nan. Da hunturu murhun ƙarfe ba ya mutuwa dare da rana, tagogi na zubar da gumi, hanyar bakin ruwa ta zama taɓo.

A nan zan ja hankali da babbar murya. Jirgi rufaffen akwati ne. Iskar gas ta girki ta fi iska nauyi, in ta zuba ba ta da hanyar fita, ƙasan jirgi take kwanciya tana jiran tartsatsi, shi ya sa ake ajiye tukunyar a wani akwati dabam mai huda zuwa waje. Sai kuma gubar hayaƙi, wadda ba ta da wari ba ta da launi, daga murhu ko inji ko janareto. Ta kashe masu jirage suna barci. Tun watan Afrilun 2019 ya zama dole jirgi mai ɗakin kwana ya sa na'urar da ke ƙara in ta ji gubar. Wannan guba ita ce dai wadda ke hallaka iyalai a garuruwanmu in an shigar da janareto cikin ɗaki ko lungun da ba iska, ko an kwana da gawayi a rufaffen ɗaki lokacin sanyi. Don Allah jama'a, janareto a waje, nesa da taga.

Gudun da aka yarda da shi a kanal mil 4 ne a awa, saurin mai tafiya a ƙafa. Tafiyar da mota za ta yi cikin awa ɗaya, jirgi sai ya kwana biyu ko uku. Ana kaucewa ta hannun dama, kuma in za a wuce jiragen da ke ɗaure, a sassauta ƙwarai, don igiyar ruwa tana jijjiga gidan mutane, tana iya kifar da tukunya a kan wuta. Wanda bai sassauta ba zai ji magana. A matakala kuma, lokacin sauka, akwai wani dakalin dutse a ƙarƙashin ƙofar baya, an ja masa farin layi. In gindin jirgi ya hau kansa ruwa yana janyewa, baya ya rataye, goshi ya nutse. Shi ya sa ba a ɗauke ido, kuma da an ga alamar matsala a rufe tagogin nan take. Wannan wahala ta haɗa kan mutanen. Wanda bai san ka ba zai tura maka ƙofa, ya ara maka sifana, ya ja jirginka in injinka ya mutu.

Mu koma ga dokar kwana 14. Tsadar gida, musamman a Landan, ta tura matasa da iyalai da yawa kan ruwa, kuma yawancinsu ba su da kuɗin wurin ɗaure. Ga aiki a wuri ɗaya, ga makarantar yara a wuri ɗaya, ga doka tana cewa a matsa. Rashin adireshi kuma yana wahalar da rajistar likita da karɓar wasiƙa. Hukuma, wato ƙungiyar amanar nan mai kula da hanyoyin, na cewa wuraren ɗaure na kowa ne, bai kamata wasu su mamaye su ba, kuma daga 2024 ta ƙara wa marasa mazauni kuɗin lasisi. Ƙungiyarsu, National Bargee Travellers Association, na cewa ana so a kori talaka ne daga kan ruwa. Ni dai ina ganin hukuma na da gaskiya a kan cunkoso, amma ɗora ƙarin nauyi a kan waɗanda suka fi rauni bai dace da tarihin hanyoyin da iyalan talakawa suka raya ba.

Ita ma hukumar tana cikin matsi. Gine-ginen sun tsufa. A watan Agustan 2019, bayan ruwan sama mai yawa, madatsar Toddbrook da ke shayar da kanal ta tsage, aka kwashe mutane kusan 1,500 daga garin Whaley Bridge. Shekarun fari kuma akan rufe wasu hanyoyin saboda ƙarancin ruwa. A 2023 gwamnati ta sanar cewa tallafin da take bayarwa zai fara raguwa daga 2027. Ga shi ƙofofin matakalar nan, na itacen oak, shekara 25 suke yi a sake su, kuma kowace sai an auna ta an sassaƙa ta dabam a ma'aikatun Bradley da Stanley Ferry, don ba a gina matakan da girma ɗaya ba. Tsakanin Nuwamba da Maris ake aikin sake su. Tun kafin lokacin ake fitar da jerin wuraren da za a rufe, kuma dole mai jirgi ya duba shi da kyau ya zaɓi ɓangaren da zai yi hunturu, inda akwai famfo da wurin zubar da banɗaki da mai sayar da kwal, kafin a datse hanya gabansa da bayansa.